Yaye a rana ɗaya ko yaye a hankali: wanne ya fi kai yaro ga shan madara a kofi?

'Yar'uwarmu ta tambaya cewa ɗanta yana da wata 18, yana kama nono kamar sau biyar a yini har da na dare, kuma tana so ta yaye shi ya koma shan madara a kofi. Sai dai duk sanda ta miƙa masa kofin, ture shi yake yi. Shin ta cire shi rana ɗaya, yunwa ta koya masa kofin, ko ta bi a hankali?

Sannu da ƙoƙari, Maman yaro. In dai babu wata lalura da ta tilasta miki, ki bi a hankali. Kafin mu jera hanyoyin biyu, ki lura cewa aiki biyu ne a gabanki: koya masa kofi, da kuma raba shi da nono. Yawancin wahalar yaye tana zuwa ne idan aka haɗa su a mako guda. Kuma ba dole sai yanzu ba: Hukumar Lafiya ta Duniya tana ba da shawarar a ci gaba da shayarwa har shekara 2 ko fiye, tare da abinci. Amma idan kin yanke shawara, wata 18 lokaci ne da za a iya yaye lafiya lau.

Yaye a rana ɗaya abu guda ya fi ɗayan da shi, wato sauri. Yaro zai yi kuka sosai kwanakin farko, sannan ya haƙura. Amma jikinki bai san kin daina ba. Nono yana samuwa ne gwargwadon yadda ake cire shi, don haka jikin da ya saba da shayarwa biyar zai ci gaba da tara na biyar. Cikin kwana ɗaya ko biyu maman zai cika ya yi tauri kamar dutse, hanyoyin nono su toshe, daga nan kuma kumburi mai zafi da zazzaɓi, wani lokaci har ya tara ruwa sai an huda. Ta ɓangaren yaron kuma, yunwa ba ta koya kofi. Yaron da ransa ya ɓaci yakan ƙi kofin, ya ƙi abincin ma, ya rame a daidai lokacin da ya rasa kariyar da nono ke ba shi daga gudawa da sauran cututtuka. Wannan hanyar ta dace ne kawai idan likita ya ce a tsaya nan take, misali saboda wani magani da bai kamata ya shiga nono ba, ko kwanciya asibiti. Ko a nan ɗin ma, sai uwa ta riƙa tatsa kaɗan kaɗan don jikinta ya sauka a hankali.

Yaye a hankali kuwa yana cin mako uku zuwa shida ga mai shayarwa biyar. Ana sauke shayarwa ɗaya, a jira kwana 3 zuwa 7, sai maman ya daina cika a wannan lokacin sannan a sauke ta gaba. Ki fara da wadda ya fi sakaci da ita, galibi ta hantsi ko ta la'asar, lokacin da wasa ya ɗauke masa hankali. Ta bayan barcin rana ta biyo baya, sannan ta safe, sannan ta tsakar dare. Ta kwanciya barci ita ce ta ƙarshe, domin ita ce ya fi so, kuma ba don yunwa yake shanta ba. Ki ba shi abinci da kofin minti 15 kafin lokacin da ya saba nema, don kada ya iso gare ki da yunwa. Ki guji zama a kujerar da kika saba shayar da shi, ki sa rigar da hannunsa ba zai shiga ba. Idan ya nace, ki gajarta shan maimakon ki hana gaba ɗaya: minti goma ya koma biyar, biyar ya koma biyu. Aibin wannan hanya shi ne tana buƙatar tsayawa kan magana ɗaya. Idan yau kin hana gobe kin bayar saboda ya yi kuka, abin da ya koya shi ne kuka yana aiki, sai mako shida ya zama wata shida. Idan kuma ya kamu da zazzaɓi ko gudawa ko haƙori ya matsa masa, ki dakata a matakin da kike har ya warware.

Akwai wani bambanci da ba a cika faɗa ba. Sinadaran jiki masu kula da shayarwa suna sauka idan aka yaye, kuma saukarsu lokaci guda tana iya jefa uwa cikin ƙunci da saurin hawaye na wasu kwanaki. A hankali abin ya fi sauƙi. Idan ƙuncin ya haura mako biyu, ki ga ma'aikacin lafiya.

Yanzu maganar ture kofi. Nonon uwa ya fi madarar shanu zaƙi nesa ba kusa ba: sukarin madara a nonon uwa ya kai kusan giram 7 a kowace mililita 100, a madarar shanu bai kai 5 ba. Ga shi kuma nono yana zuwa da ɗumin jiki, digiri 37, madarar firji kuwa sanyi ƙalau. To yaron da aka ba sabon mazubi da sabon ɗanɗano da sabon sanyi lokaci guda, ina zai karɓa? Ki raba su. Mako na farko ki zuba ruwa kawai a kofin lokacin cin abinci, nono yana nan yadda yake. Idan hannu da baki sun saba, ki zuba madara mai ɗumi, ki ɗiga a bayan hannunki ki ji babu zafi. Cokali biyu ko uku sun isa a farko, kamar mililita 30. Idan ya ƙi, ki tatsi nononki ki haɗa: kashi uku nono, kashi ɗaya madara na kwana uku, sai rabi da rabi, sai kashi ɗaya nono kashi uku madara, har ta zama madara zalla. Kada ki sa sukari ko zuma ko shayi don ya karɓa, domin zai saba da zaƙin ya ƙi madarar da babu shi, haƙoransa kuma su biya bashin. Sau da yawa yaro ya fi karɓar kofi daga hannun babansa ko wani babba, domin a jikinki yana jin ƙamshin abin da ya fi so.

Kofin kansa ma iri iri ne. Buɗaɗɗen kofi ƙarami, wanda bai wuce mililita 100 ba, shi ke koya kurɓa ta gaskiya, kuma shi ya fi sauƙin wankewa. Zai zubar, babu makawa. Ki cika rubu'insa kawai, ya zauna a miƙe, ki ɗora bakin kofin a leɓensa na ƙasa, ki karkata har madarar ta taɓa leɓe, ki bar shi ya kurɓa da kansa. Idan kika ɗura masa, zai ƙware, kuma yaron da ya ƙware sau biyu yakan ji tsoron kofin. Kofi mai bututun zuƙa ya fi rage zubarwa kuma yana da kyau ga fita waje, amma madara tana maƙalewa a cikin bututun ta yi tsami, sai an sa ɗan siririn buroshi an wanke bayan kowane sha. Kofi mai baki wanda ba ya zuba ko an kife shi, akwai wata 'yar roba a cikin murfinsa da ke tare ruwa, don haka sai yaro ya tsotsa da ƙarfi, kusan kamar bulumboti. Idan shi kike da shi, ki cire robar. Bulumboti kuwa kada ki fara shi a wata 18, yaye na biyu za ki jawo wa kanki.

Madarar da ta dace daga shekara 1 zuwa 2 ita ce madarar shanu mai cikakken mai, wadda aka dafa ta a masana'anta, ko ta gari mai cikakken mai da aka dama yadda aka rubuta a jikin gwangwanin da tsaftataccen ruwa. Ɗanya daga saniya sai an tafasa ta, domin tana iya ɗauke da ƙwayoyin tarin fuka da wasu cututtuka. Ki karanta jikin gwangwani da kyau: madara mai kauri mai sukari, da garin da ake sa wa shayi don ya yi fari, ba abincin yaro ba ne. Madarar da ake tallata wa yara 'yan sama da shekara ɗaya ba dole ba ce ga yaro mai lafiya da ke cin abinci, kuma wasunsu akwai ƙarin sukari. Madarar shinkafa ba a ba yaro ƙasa da shekara 5 saboda asanik, wani sinadari mai guba da ke cikinta.

Yawanta kuma, mililita 350 zuwa 500 a yini ya wadatar, wato ƙananan kofuna huɗu ko biyar, bayan abinci. A nan iyaye da yawa suke zamewa: yaro ya karɓi madara, murna ta sa a yi ta ba shi har ta haura mililita 700. Madarar shanu ba ta da sinadarin ƙarfe mai gina jini sai ɗan kaɗan, tana cika ciki ta hana cin abincin da ke da shi, kuma kalsiyam ɗinta, wato sinadarin da ke ƙarfafa ƙashi, yana rage yadda hanji ke tsotsar sinadarin ƙarfen. Sai ka ga yaro ɓul-ɓul amma tafin hannunsa da cikin fatar idonsa fari fat. Idan kuwa ya ƙi madara sam, ba tashin hankali ba ne: yogot marar sukari da cuku suna ba da kalsiyam ɗin, ana kuma iya sa madarar cikin abincinsa. Abin da ya rage a kofi bayan awa ɗaya ki zubar.

Dare shi ne wuri mafi wuya a hanyoyin biyu. Ki ba shi kofin ƙarshe yana zaune, kafin wanke baki, sannan a goge haƙora da man goge baki mai fuloraid (sinadarin da ke kare haƙora daga ruɓewa) ɗan mitsitsi kamar ƙwayar shinkafa. Idan ya farka cikin dare, ruwa kawai da rarrashi. Madarar da ta kwana a baki tana ruɓar da haƙoran gaba na sama, domin yawu yana raguwa a lokacin barci. Kofi yana maye gurbin abin sha ne kawai, don haka ki ƙara masa runguma da ɗauka a waɗannan makonni, ki ajiye wani tsari na kwanciya da ba ya canzawa: wanka, kofi, goge baki, kashe fitila.

Ke kuma, idan maman ya cika, ki tatsa da hannu daidai yadda zafin zai sauka, kada ki ƙarar da shi, domin ƙararwa tana gaya wa jiki ya ƙara samarwa. Ki ɗora ƙyalle mai sanyi na minti 10 zuwa 15, ki sa rigar mama mai riƙewa wadda ba ta matse ba. Ɗaure ƙirji tamau yana toshe hanyoyin nono. Idan wani gefe ya yi zafi ya kumbura, ga zazzaɓi digiri 38 ko fiye da ciwon jiki kamar na mura, kuma bai sauka cikin awa 24 ba, ki je asibiti. Ɗigon nono bayan yaye yana iya ɗaukar makonni har watanni, ki daina matsawa don dubawa.

Shi kuma yaron, idan bayan shan madara jikinsa ya yi borin jini, ko ya yi ta amai, ko kin ga jini a kashinsa, ki dakatar da madarar ki kai shi a duba shi. Idan leɓe ko fuska sun kumbura, ko numfashinsa ya fara fito, wannan na gaggawa ne, a tafi nan take. Ki kuma riƙa lura da fitsarinsa a makon farko na kowane mataki: idan ya yi awa 8 kunzugunsa a bushe, ko bakinsa ya bushe yana kuka babu hawaye, ruwan jikinsa ya yi ƙasa, ki mayar da shayarwar da kika sauke ki nemi ma'aikacin lafiya a ranar.