Garejin riwaya na hanyar Jos da abin da ke shanye baturin tsohuwar motata

Motata Volkswagen T3 ce ƙirar 1987, daga cikin waɗanda kamfanin Westfalia na Jamus ya gyara cikinsu ya mayar da su ɗakin kwana, da gado da ƙaramin firji da murhun gas da rufin da ake ɗagawa sama. Na saye ta a nan Bauchi bayan ta bi ta hannun mutum biyu, kuma amfanin da nake yi da ita shi ne kwana a gonata ta wajen Alkaleri lokacin girbi, da kai iyali Yankari idan an yi hutun makaranta. Cikin wata 14 na sayi baturi uku, kowanne kuwa ƙarshensa iri ɗaya ne: idan motar ta kwana biyu ko uku a ajiye, sai ka murɗa makulli ka ji ƙas-ƙas kawai, daga nan sai turi. Abin ya kai ni bango ranar da ta ƙi tashi da asuba a kusa da Dindima, ga yara a ciki, ga ba kowa a kan hanya sai wasu manoma uku da Allah ya kawo suka taimaka mana.

Wurare biyu na kai ta kafin nan, kuma dukansu hukunci ɗaya suka yanke tun kafin su taɓa waya ko guda, wato baturi ne ba shi da kyau. A ɗaya daga cikinsu ma an cire kan baturi inji yana aiki, aka ce tunda motar ba ta mutu ba to altaneta, wato na'urar da ke cajin baturi idan inji yana aiki, lafiyarta ƙalau. Wani direban motar haya ne ya kwatanta mini wani mai riwaya da ke bakin hanyar Jos, dattijo mai yara huɗu a ƙarƙashinsa, rumfarsa ta kwano ce da benci ɗaya da tarin tsofaffin altaneta a kusurwa. Aikinsa nake son in bayyana, domin na ga bambancin da ya cancanci a faɗa, na kuma ga abubuwan da ban ji daɗinsu ba.

Abu na farko da ya burge ni shi ne bai nemi in sayo komai ba. Ya saurari bayanina har ƙarshe, ya tambaye ni kwana nawa motar take yi kafin ta mutu, da abin da nake kunnawa da dare idan na kwana a daji, sannan ya aiki yaro ya ɗauko mitar awon wuta. Wannan mota baturi biyu gare ta, ɗaya a ƙarƙashin kujerar fasinja wanda ke tada inji, ɗaya a ƙarƙashin kujerar direba wanda ke ba ɗakin wuta. Da ya kwance kan baturin tada inji da sifana domin ya fara awo, sai ya tsaya yana kallon fitilar rufi, wadda ta ci gaba da haske kamar ba a cire komai ba. Ya juyo ya ce, "Alhaji, ka ga wannan fitilar? Bai kamata tana ci ba. Wani ya ɗaura wa baturan nan aure ba tare da an sani ba."

Bayanin da ya yi mini mai sauƙi ne. A tsarin asali akwai wani ƙaramin rile tsakanin baturan biyu, wanda wata siririyar shuɗiyar waya daga altaneta take kunnawa, ta yadda ba sa haɗuwa sai inji yana aiki, su sha caji tare, da an kashe inji kuma su rabu. Hikimar ita ce ko ka cinye wutar ɗaki ƙarƙaf da dare, baturin tada inji yana nan a cike da safe. Ya ɗaga kujerar direba ya nuna mini rilen ya ƙone tuntuni, an kuma ɗinke tsakaninsa da wata jar waya da aka naɗe da tef, babu ko fiyus a jikinta. Ke nan duk daren da na kunna fanka ko na bar firji a kan baturi, daga baturan biyu nake sha. Irin wannan firjin mai aiki da gas ko lantarki yana jan wajen amfa 7 zuwa 8 idan aka sa shi a kan bolt 12, shi ya sa tun daga kamfani aka tsara kada ya ci daga baturi sai mota tana tafiya.

Da wani ne da ya tsaya a nan ya karɓi kuɗinsa, domin an sami laifi a fili wanda ido ya gani. Shi kuwa ya ce wannan bai bayyana dalilin mutuwar motar a ƙofar gida ba, inda ba na kunna komai. Ya raba baturan, ya kashe duk abin da ke cin wuta, ya rufe ƙofofi, ya sa mitar tsakanin kan baturi da wayarsa, sai ta nuna amfa 0.9. Ya ce lafiyayyar mota mai shekarun wannan bai kamata ta wuce 0.05 ba, ya ɗauki alli ya yi lissafi a jikin benci: 0.9 sau awa 24 ya haura amfa 21 a yini, baturina kuwa mai 70 ne, saboda haka kwana biyu sun isa su cinye fiye da rabinsa. Daidai abin da nake gani ke nan.

Daga nan ya sa yaro ɗaya ya zauna gaban akwatin fiyus yana zarewa ɗaya bayan ɗaya, shi kuma idonsa a kan mita, yana cewa "mayar" ko "wuce". A fiyus ɗin rediyo adadin ya sauko zuwa 0.6, domin wanda ya sa rediyon ya jona shi da ƙaramar amfilifaya a wayar da ba ta mutuwa ko an zare makulli. Sauran 0.6 ɗin kuwa ya ƙi motsi har aka zare fiyus na ƙarshe. A nan ne na ga amfanin gogewa, don bai yi wata-wata ba ya zagaya bayan motar, inda injin T3 yake, ya kwance babbar wayar da ke bayan altaneta, nan take mitar ta faɗo zuwa 0.02. Ɗaya daga cikin dayod ɗin da ke cikin altaneta ya fashe, aikinsu kuwa shi ne su bar wuta ta fita zuwa baturi su hana ta komowa, to wannan ya zama ƙofa a buɗe da wuta ke zurarewa ta cikinta dare da rana. Da na ba shi labarin cire kan baturi da aka yi inji yana aiki, ya girgiza kai ya ce wannan gwajin na zamanin dainamo ne, a altaneta kuwa yana cikin manyan abubuwan da ke kashe dayod da regileta, wato abin da ke daidaita ƙarfin caji. Ina roƙon duk mai mota ya riƙe wannan, domin al'ada ce da ta yi yawa a garejojinmu, har da masu ɗora baturin aro su tada mota sannan su cire shi.

Bai ce in sayi sabuwar altaneta ba. Ya buɗe tawa, ƙirar Bosch, ya sauya farantin dayod, ya nuna mini burushin regileta da ya cinye har bai kai milimita 5 ba, shi ma ya sauya shi. Bayan an ɗaura, awo a bayan altaneta ya ba da bolt 14.1, wanda yake cikin abin da ake so, wato tsakanin 13.8 da 14.4, amma a kan baturi 13.3 kawai ke isowa. Mota ce mai inji a baya da baturi a gaba, hanyar wutar tana da tsawo, saboda haka duk wata tsatsa a mahaɗa tana cin rabonta. Ya shiga ƙarƙashin motar ya fito da wayar ati, wato hanyar da wuta ke bi ta kammala zagayenta, wadda ke haɗa giyabos da jikin mota, ta yi kore shar, rabin zarenta ya tsintsinke, tana marmashewa a hannu. Da aka sa sabuwa aka kankare mazauninta har ƙarfe ya yi fari, sai baturi ya fara samun 13.9.

Game da baturan kansu ya faɗa mini gaskiya. Baturin tada inji ya kwana a kan caji a hankali, da safe bayan ya huta ya tsaya a 12.6, ya ce wannan zai yi. Na ɗaki kuwa ya sha zubewa har ƙasa sau da yawa, ruwansa ma ya ja baya saboda zafin Maris da Afrilu da ke kaiwa digiri 40 a garin nan, don haka ba ya riƙe caji. Ya ba ni shawarar in nemi irin baturin da aka yi domin a riƙa sha ana mayarwa, kamar na sola, kada kuma in bar shi ya sauka ƙasa da 12.2, wanda kusan rabinsa ke nan.

Inda aka gaza shi ne wajen lokaci da tsari. An ce mini yini ɗaya, motar ta yi kwana huɗu, domin dattijon ba ya mayar da kowa, yana cikin aikinka sai a kawo motar haya da ta mutu a hanya ya koma kanta. Ba sa ajiye kayan gyara, sau uku ana aika yaro kasuwa, rilen farko da ya kawo ma ƙarami ne aka mayar. Babu rasit, babu rubutaccen bayanin abin da aka sauya, ni na zauna na rubuta da hannuna. Na kuma tarar yaran sun murɗe wayar rediyo da hannu sun naɗe da tef, aikin da ya yi kama da wanda ya jawo matsalar tun farko. Da na ce, "Malam, wannan fa bai kwanta mini ba," bai yi musu ba, ya sa aka kwance aka yi mata dalma a gabana, ya kuma yi wa yaron faɗa. Kuɗin aikin da kayan gaba ɗaya, ban da sabon baturin ɗaki, bai kai farashin baturi ɗaya daga cikin ukun da na saya a baya ba.

Wanda matsalarsa ta wutar tsohuwar mota ce, musamman mai baturi biyu, ina ba shi shawarar wurin ba tare da shakka ba, sai dai ya je da sassafe, ya ware kwanaki, ya kuma tsaya a kan aikin yaran da idonsa. Yau mako shida da gyaran. Na ajiye motar kwana tara ban taɓa ta ba, na auna da ƙaramar mitar da na saya bisa shawararsa na sami 12.5, ta kuma tashi a murɗa ɗaya. A makon jiya mun kwana biyu a gona, firji a kan gas, fanka da fitila a kan baturin ɗaki, da asubar rana ta uku na tada ta muka kamo hanyar Bauchi.