Gargaɗi kan masu sayar da filayen bogi da sunan sabuwar babbar hanyar Maraɗi zuwa Ɗan Isa

Ina rubuta wannan gargaɗi ne saboda abin da ya sami kawuna, ɗan kasuwar aya da wake a Maraɗi, wanda ya yi asarar jika 600 na sefa a hannun wasu mutane da ke yawo suna sayar da filaye a gefen wata babbar hanya mai hannu biyu da suka ce za a shimfiɗa daga Maraɗi zuwa iyakar Ɗan Isa. Ba shi kaɗai ba ne, domin ranar da muka kai ƙara wurin jandarmomi mun tarar da wasu mutum biyu riƙe da takarda irin tasa, har lambar filin ma ɗaya ce.

Abin da ya sa maganarsu ke shiga kunne shi ne sun gina ta a kan gaskiyar da kowa ya sani. Hanyar da ta tashi daga Maraɗi ta bi ta Jirataw da Ɗan Isa ta faɗa Magama Jibiya, daga nan Katsina da Kano, ita ce jijiyar kasuwancin wannan jiha, kuma duk wanda ya ga yadda farashi ya haukace lokacin da Najeriya ta rufe iyakarta daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020, da kuma bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 har zuwa Maris ɗin 2024, ba ya bukatar a bayyana masa darajar wannan hanya. Haka nan aikin layin dogo na Kano zuwa Maraɗi, mai tsawon kilomita 284, wanda aka aza harsashinsa a Fabrairun 2021, gaskiya ne. A cikin waɗannan abubuwa na zahiri suke cusa ƙaryarsu, su ce kwaltar za ta bi gefen layin dogon, kuma sun riga kowa ganin taswirarta.

Mutumin da ya zo wa kawuna ya same shi ne a rumfarsa bayan sallar la'asar, sanye da shadda mai aiki, ya gabatar da kansa a matsayin wakilin wani kamfanin gine-gine. Ya buɗe wata taswira mai launi a wayarsa, ya ce: "Alhaji, kai ba baƙo ba ne a wannan harka. Filin da kwalta ta ci, gwamnati za ta biya diyyarsa ninki uku. Wanda ta bari kuwa ya zama wurin sito da gidan mai kusa da duwan. Ta ko'ina babu faɗuwa." Washegari ya ɗauke shi a mota, ya kai shi wata gona kafin a isa Ɗan Isa, inda aka kakkafa duwatsun iyaka masu sabon fenti, ga wani dattijo da aka ce shi ne mai gonar yana ta sa albarka. Daga baya muka gano cewa dattijon hayarsa aka yi, mai gonar na ainihi kuma yana ci-rani a Kano, bai ma san an taka masa gona ba.

Kuɗin ba a karɓa gaba ɗaya. Da farko kafin alƙalami, sai kuɗin masu awo, sai kuɗin shigar da suna cikin jerin masu cin diyya, kowanne ana turawa ta kamfanin aika kuɗi zuwa wani suna daban, kuma kowane lokaci ana cewa gobe za a rufe rajista. Wannan gaggawa ita ce ta hana kawuna shawara da kowa, ga shi an ja masa kunne cewa maganar sirri ce, idan ta fita manya za su wawashe filayen. A ganina nan ne suka fi cin galabarsa, domin ɗan kasuwar Maraɗi ba ya son a riga shi.

Batun diyyar nan kaɗai ya isa ya tona asirinsu ga wanda ya san ƙa'ida. A Nijar, karɓar fili domin amfanin jama'a yana ƙarƙashin doka mai lamba 61-37 ta shekarar 1961, wadda aka yi wa gyara a 2008, kuma ba a yin sa a ɓoye: sai gwamnati ta ayyana aikin a hukumance, a yi binciken jin ra'ayin jama'a, a ƙidaya masu filaye a gaban hukumomin yankin, sannan a kimanta abin da za a biya. Babu wanda ke sayen gurbi a wannan jeri daga hannun ɗan kamasho. Cinikin gona a karkara kuma yana da hanyarsa tun da aka kafa kundin dokokin karkara a 1993, wato a gaban mai gari da shaidu, hukumar filaye ta gari ta ba da takardar shaidar sayarwa. Takardar kawuna tana ɗauke da hatimi mai kyan gani, amma da muka kai ta ma'aikatar magajin garin, ma'aikacin ya duba rajista bai ga ko alamar lambarta ba.

Saboda haka duk wanda aka tunkare shi da irin wannan tayi, kada ya fitar da ko dala kafin ya je da ƙafarsa wurin mai garin da gonar take, ya tambayi maƙwabtan gonar wane ne mai ita, ya kuma kai takardar ma'aikatar magajin gari a duba. Wanda ya riga ya biya, ya adana rasiɗan aika kuɗin da saƙonnin murya na WhatsApp, ya kai wa jandarmomi ko ƴan sanda, kada kunya ta hana shi, domin da rasiɗan ne ake bin sawun waɗanda suka karɓi kuɗin. Lambar mutumin da ya yaudari kawuna a kashe take tun ranar da aka tura kaso na ƙarshe, kuma mun samu labari cewa an ga irin wannan taswira tana yawo a wayoyin ƴan kasuwar Tibiri da Gidan Rumji.