Thin ko LV na gargajiya don PostgreSQL a faifan 1TB?

Ɗan'uwa, ɗauki LV na gargajiya (LV yanki ne da tsarin LVM na Linux ke yankawa daga faifai; na gargajiya yana kama wurinsa duka tun farko, thin kuwa sai an rubuta bayanai yake cin wuri), kuma kada ka raba faifan duka tun ranar farko.

Sabar da nake kula da ita ta wata makaranta ce, manhajar ajiyar bayanai ta PostgreSQL ke riƙe da rajistar ɗalibai da sakamakon jarrabawa. Lokacin da na girka ta na yanka wa bayanai LV ɗaya, na yanka wa pg_wal (inda PostgreSQL ke ajiye WAL, wato fayilolin tarihin canje-canjen bayanai) nasa daban, sannan na bar kusan kashi ɗaya cikin uku na faifan zaune a VG (rumbun da ake yanko LV daga cikinsa) ba mai taɓa shi. Har maigidanmu ya tambaye ni don me aka kashe kuɗi aka sayi faifai, aka bar shi fayau. Sai ga makon rajista, na'urar da ke karɓar kwafin WAL ta mutu, fayilolin nan masu 16MB suka yi ta taruwa. PostgreSQL kuwa idan pg_wal ya cika ba ya lallashin kowa, faɗuwa yake yi nan take. Ina gida bayan isha'i na ga gargaɗi a waya, na shiga ta SSH, na buga lvextend -r -L +20G a kan LV ɗin. Shi da tsarin fayil suka faɗaɗa tare, ba a kashe komai ba, yara suka ci gaba da cike fom ba su ma san an yi ba. Tun ranar maigidan bai sake tambaya ba.

Thin kuma, to, snapshot ɗinsa (hoton yadda bayanai suke a wani lokaci) ba ya cin wuri sosai, kuma Proxmox, manhajar da ke raba saba ɗaya zuwa ƙanana da yawa, da shi yake zuwa. Iyakar yabon da zan yi masa ke nan. Aikinsa irin na dillalin fili ne da ya sayar wa mutum uku fuloti ɗaya, lafiya lau har ranar da kowa ya kawo bulo. Umarnin df zai ce maka da sauran wuri, alhali pool ɗin da ke ƙasa, wato ainihin wurin da thin ke ɗiba, ya kusa cika. Sai ka duba Data% da Meta% a sakamakon umarnin lvs kafin ka ga gaskiya. Idan ya cika, rubutu yakan tsaya jira na daƙiƙa 60, daga nan kurakurai su fara, kuma cikar metadata (bayanan da ke nuna inda komai yake a pool) ta fi muni. Wanda ya nace sai thin, ya buɗe lvm.conf: thin_pool_autoextend_threshold, saitin da ke sa pool ya faɗaɗa da kansa, yana zuwa ne a 100, wato a kashe. Mayar da shi 70 ko 80. Shi ma ɗin ba zai yi amfani ba in babu sarari a VG.

Fara da LV ƙarami, don ƙari abu ne mai sauƙi, ragi ne wahala. Tsarin fayil na XFS ba a rage shi, na ext4 kuma sai an cire shi daga aiki (unmount) tukuna. In ext4 ka zaɓa, yana ɓoye wa root, wato babban mai kula da tsarin, kashi 5 cikin 100 na wurin. A faifan bayanai rage shi da tune2fs -m 1. Snapshot na gargajiya kuma ka share shi da zarar ka gama kwafi, don yana rage saurin rubutu, in ya cika kuma ya lalace.

Ba ka tambaya ba, amma ka yi hattara da masu sayar da faifai. Akwai masu goge tsoho su sa shi a sabon kwali, akwai SSD na jabu da ke nuna 1TB alhali cikinsa bai kai ba. Duba smartctl -a a gaban mai shagon, ka ga awannin da ya yi aiki, kuma ka cika faifan da bayanan gwaji ka karanto su kafin ka ɗora masa komai. Masu bayar da hayar VPS (ƙaramar sabar haya) mai arha ma wasunsu thin ɗin nan suke yi, su sayar da wurin da ba su da shi.

A 1TB ɗinka: 50GB ga tsarin, 300GB ga bayanai, 50GB ga pg_wal, sauran ka bar shi a VG. Sa gargaɗi ya riƙa zuwa maka idan wani LV ya cika kashi 80.