Gyada, Yazawa ko Almon: Wacce Za Ki Saya Don Kek da Kwaɗon Kabeji?

Da zarar sallah ko biki ya matso, 'yan uwa sukan tambaye ni abin da za su zuba a kek ya yi gardi. Amsata kullum ɗaya ce: gyada, amma wadda kika zaɓa da idonki, kika soya da hannunki.

Almon dai, wato wani ƙwallon 'ya'yan itace da ake ci kamar gyada, kuɗi ne kawai zai tafi. Mafi yawansa daga Kalifoniya ta Amurka yake fitowa, kafin ya iso kantinmu ya sha hanya, a cikin kek kuma salam yake. Ƙwallon yazawa yana da daɗin ci haka nan, ana kuma noma shi sosai a Kogi da Oyo, sai dai da ya shiga wuta bota take danne shi. Ɗanyar kwakwa kuwa, kek ɗinta ba ya jure ajiya a zafinmu.

Gyada daban ce. Kusan rabin ƙwayarta mai ne, shi ya sa kek ɗinta yake kwana uku da laushinsa. Ni na fi son mai ƙananan ƙwaya irin 'yar Dakar, don ta fi ƙamshi idan ta soyu. Manyan kuma sun fi kyau a barbaɗa a sama. Ki soya da yashi mai tsabta a wuta kaɗan, kina juyawa har ki ji ta fara ƙas-ƙas. Ki ɗauki ɗaya ki murza, idan jan ɓawon ya fita da sauƙi, cikinta ya yi ruwan zuma, to ki sauke. Ki murje, ki fece, sannan ki daka sama-sama a turmi. Kada ki bari ta fara fitar da mai, tunkuza ke nan, kuma za ta sa kek ya danƙare. Kofi 1 na dakakkiya ya ishi fulawa kofi 2, bota giram 250, sukari kofi 1, ƙwai 4 da bekin fauda ƙaramin cokali 2. Minti 35 zuwa 40 a matsakaiciyar wuta, ko a oba ko a tukunya mai yashi.

Yanzu ga inda nake so ki tsaya ki saurare ni, 'yar uwa. Don Allah kada ki sayi niƙaƙƙiyar gyada a leda. Na taɓa yin haka ranar sunan ɗiyar ƙanwata, saboda sauri. Kek gwangwani 60 na gasa, da na gutsura sai ɗaci da maƙaƙi suka kama mini maƙogwaro. Duka na zubar, har yau kuma abin yana min ciwo. Ashe ragowar tsinta ce, wadda ta yi fumfuna da wadda ƙwari suka huda, aka haɗa aka niƙe, tun da niƙa yana rufe asirin komai.

Ɗacin ma shi ne ƙaramar matsala. Fumfunar da ke kama gyadar da ba ta bushe sosai ba tana fitar da guba da ake kira aflatoksin, wadda take lalata hanta, har takan jawo mata ciwon daji. A 1960 ne duniya ta farga da ita, lokacin da talo-talo kusan 100,000 suka mutu a Ingila bayan sun ci abincin da aka haɗa da garin gyada daga Barazil. Suya ba ta kawar da ita, gashi ma haka. Kuma yara ne suka fi rububin kek.

Don haka ki saya ɗanya, ko a Dawanau ko a kasuwar ƙauyenku. Ki tura hannu har ƙasan buhu, domin masu algus sukan shimfiɗa sabuwa a sama, tsohuwa tana ƙasa. Ki ciza ɗaya: busasshiya tana fashewa ƙas, wadda ta sha raɓa ko aka yayyafa wa ruwa don ta cika mudu takan lanƙwashe a haƙori. Ki shinshina. A gida ki baza a faranti, duk wadda ta motse, ta yi baƙi ko kore-kore, ki jefar, kada ma ki ba kaji. Haka ƙuli-ƙuli: in ba ki san mai yin sa ba, gara ki haƙura.

Sai batun kwaɗo: kabeji ba shi da wuyar zaɓe. Ki ɗaga ki ji nauyi, ki matsa ki ji tauri, gindinsa fari ba baƙi ba. Na Jos na lokacin sanyi ya fi cika da garas-garas. Wanda aka yi ta ɓare masa ganye har ya koma fari fat, tsufansa ake ɓoyewa. Ki wanke da ruwan gishiri, ki tsane sosai, ki yanka siri-siri da karas da albasa. Bama tana sa shi ya saki ruwa kafin baƙi su zauna, shi ya sa na fi son kwaɗo: lemun tsami, ɗan man gyada, gishiri da yaji. Dakakkiyar gyadar da ta rage daga kek, ki ajiye ta gefe, sai za a kai faranti gaban mutane ki barbaɗa.