rsync: manhajar da ta hana ni asarar data wajen tura fayil zuwa saba

Aikin da ya kai ni ga rsync ɗan ƙarami ne, wani mai shagon ɗaukar hoto ne a unguwarmu ya ce in rubuta masa wata 'yar manhaja da za ta riƙa kwashe hotunan da aka ɗauka kullum da dare tana turawa saba (wata kwamfuta ta ajiya da ake kaiwa gare ta ta intanet), saboda ya taɓa yin asarar hotunan biki guda da kwamfutarsa ta lalace. Da farko da kaina na zauna na rubuta kod ɗin da Python, na buɗe soket (hanyar da kwamfuta biyu ke magana da juna) ina karanto fayil ina turawa, a kan tebur komai lafiya lau amma da aka kai shago sai hoto ya isa rabi a sama rabi toka-toka, ashe send() ba dole ba ne ya tura duk abin da ka ba shi a tashi ɗaya, shi ma recv() guntu-guntu yake kawowa. Na gyara wannan na koma sendall(), to sai kuma matsalar sabis ta taso, da ya ɗauke shikenan an koma farko.

Daga nan na gwada scp, wata manhaja ta kwafar fayil zuwa saba. Yana aiki ba laifi, amma wani dare ina zaune ina kallon bidiyon biki mai kusan 2GB yana tafiya, ya kai kashi 80 da wani abu sai sabis ya katse, wallahi sai da na dafe kai, don scp bai san ci gaba daga inda ya tsaya ba, kuma datar nan mai shago ne ke saye da kuɗinsa.

Sai na koma rsync, manhajar kwafar fayiloli tsakanin kwamfutoci. Shi rsync ba sabon abu ba ne, tun 1996 Andrew Tridgell da Paul Mackerras suka fito da shi a Ostireliya, Tridgell ɗin nan shi ne dai na Samba (manhajar raba fayil tsakanin Windows da Linux), kuma rsync ɗin kyauta ne. Dabararsa ita ce ta burge ni: ɓangaren da ke karɓa yana yanka fayil ɗin da yake da shi gunduwa-gunduwa ya lissafa wa kowace gunduwa lambar shaida ya aika, mai turawa kuma ya duba nasa ya ga waɗanne ne suka yi daidai, sai ya tura abin da ya bambanta kawai. Fayil ɗin da girmansa da lokacinsa ba su canza ba ma ko taɓa shi ba ya yi. Abin da nake sawa kenan:

rsync -avP --timeout=60 hotuna/ saba:/ajiya/hotuna/

Wannan -P ɗin shi ne gishirin miyar, yana nuna maka inda aka kai kuma yana barin guntun da ya riga ya isa, in ka sake bugawa sai ya ɗora a kai. Ta SSH (hanyar haɗi mai tsaro tsakanin kwamfutoci) yake bi don haka a ɓoye kayan ke tafiya. Ni yanzu Python ɗin nawa ba abin da yake yi sai kiran rsync ta subprocess ya duba lambar da ya dawo da ita, in 0 ce an gama, in 30 ce lokaci ne ya ƙare masa yana jiran sabis sai ya ɗan huta ya sake, haka har gari ya waye in ta kama. Da rana kuma ina ƙara --bwlimit don kar ya shanye intanet ɗin shagon gaba ɗaya.

Amma fa yana da nasa, kuma ba ƙanana ba ne. Ɗan karan nan / na ƙarshen sunan folda, in ka sa shi abin da ke cikin foldar yake kwafa, in ba ka sa ba foldar kanta yake ɗauka ya cusa a ciki, kowa sai ya taɓa ruɗewa a nan. In kuma ka haɗa wannan kuskuren da --delete to fa zai goge maka duk abin da ke can wanda babu shi a nan, ba tambaya ba gargaɗi, don Allah kar ka taɓa sa --delete sai ka fara gwadawa da -n, wato gwajin da ba ya taɓa komai, ka karanta abin da ya ce zai yi. Sannan dole a girka shi a ɓangare biyun, kuma Windows ba ta zuwa da shi, kwamfutar mai shagon nan sai da na sa mata WSL (hanyar gudanar da Linux a cikin Windows) tukuna. Shi ma -z, mai matse kaya kafin a tura, da mutane ke liƙawa ko'ina, a kan hoto da bidiyo da zip ba ya rage komai tunda dama a matse suke, wahalar da kwamfuta kawai yake, amma a kan rubutu ko ajiyar database yana taimakawa sosai.

Bai dace da kowane aiki ba, in manhajar waya kake rubutawa da jama'a za su riƙa ɗora hoto, wannan aikin HTTP (hanyar da shafukan intanet ke bi) ne ba na rsync ba. Kuma in naka tsoho ne ka sabunta shi, a Janairun 2025 an fitar da 3.4.0 don toshe wasu kafofin tsaro masu haɗari, musamman ga wanda ya bar ƙofa ta 873, wadda rsync ke karɓar haɗi ta cikinta, a buɗe. Na shagon nan tun lokacin na sabunta, kuma har yau kullum ƙarfe 11 na dare yake tashi ya kwashe hotunan ranar.