Manhajar YouVersion: Ta Dace da Ibadar Kullum, In An Gyara Saitinta

Manhajar Littafi Mai Tsarki ta YouVersion ta fito a shekarar 2008, tana cikin manhajojin farko da suka shiga kasuwar Apple a watan Yuli na wannan shekara. Ikkilisiyar Life.Church da ke jihar Oklahoma ta Amurka ce ta samar da ita. Har yau kyauta ce, babu talla a cikinta, gudummawar masu bi ke riƙe da ita, kuma a 2021 adadin saukewarta ya kai miliyan 500. Wannan sharhi na mai bi ne da yake so Maganar Allah ta taɓa halinsa na yau da kullum: yadda yake amsa wa wanda ya ɓata masa rai, yadda yake auna wa mai saye, yadda yake riƙe amanar bashi da ta sirri. Ga irin wannan mutum, manhajar ta cancanci zama a wayarsa. Sai dai yadda take zuwa a saite tana jan mutum zuwa ga aya guda a rana da ƙirga kwanaki, kuma waɗannan biyun ba su isa su gina hali ba.

A fara da abin da ya kamata a yi a rana ta farko. Bayan an sauke manhajar, a yi rajista da adireshin imel, domin in babu rajista ba za a ajiye alamomin da aka sa wa ayoyi da bayanan da aka rubuta ba. Daga nan a shiga wurin karatu, a danna gajeren sunan fassara da ke jikin sunan sura, a canja harshe zuwa Hausa. Za a ga Littafi Mai Tsarki na Bible Society of Nigeria, wanda da shi mutane da yawa suka haddace ayoyinsu, da kuma Sabon Rai Don Kowa na kungiyar Biblica, bugun 2020. A sauke duka biyun cikin waya lokacin da intanet take da ƙarfi. Wannan mataki ne aka fi tsallakewa: mutum ya buɗe fassara ya karanta, ya ɗauka ta zauna a wayarsa ke nan, ranar da data ta ƙare sai ya tarar shafi ba ya buɗewa. Buɗewa daban, saukewa daban. Hanyar tabbatarwa ita ce a kashe data a gwada buɗe wata sura da ba a taɓa buɗewa ba. Fassarar da take da karatun murya tana da alamar lasifika kusa da sunanta, amma sauke rubutu ba ya nufin an sauke murya, don haka sauraro yakan ci data. Mai ƙaramar waya ta Android zai iya neman Bible App Lite, wadda masu YouVersion suka yi domin wuraren da intanet ke wahala.

Inda manhajar ta fi littafin takarda shi ne kwatanta fassara. A danna aya, a zaɓi kwatantawa, sai ayar ta fito a fassarori da yawa jere da juna. A littafin Karin Magana wannan yana da amfani ƙwarai, saboda jimlolinsa gajeru ne, an matse ma'ana cikin kalmomi kaɗan, kuma abin da ya yi duhu a wata fassara yakan fito sarari a ɗayar. Fassara biyu ko uku sun isa. Wanda ya jera goma yakan ƙare da zaɓar wadda ta fi yi masa daɗi, ba wadda ta fi gaya masa gaskiya ba.

Ga mai neman hikimar zaman yau da kullum, tsarin da ya fi dacewa ba ya ma bukatar a neme shi cikin jerin tsare-tsaren manhajar. Karin Magana yana da surori 31, don haka ana karanta surar da ta yi daidai da kwanan wata: ran 7 ga wata sura ta 7, ran 20 sura ta 20. A watan da yake da kwana 30 sai a haɗa sura ta 30 da ta 31 a rana ta ƙarshe. Sura ɗaya tana da ayoyi wajen 30, karatun minti biyar ne a natse. Ya kamata mai karatu ya san cewa littafin ba iri ɗaya ba ne daga farko har ƙarshe. Sura ta 1 zuwa ta 9 dogayen gargaɗi ne na uba ga ɗansa, ana karanta su a dunƙule. Daga 10:1 zuwa 22:16 gajerun maganganu ne na Sulemanu, kusan kowace aya tana tsaye da ƙafarta. Sura ta 25 zuwa ta 29 su ne waɗanda mutanen Hezekiya sarkin Yahuza suka kwafa, ta 30 maganar Agur ce, ta 31 kuma ta sarki Lemuwel, wadda mahaifiyarsa ta koya masa. A sassan gajerun maganganu ne mutum yake karanta ayoyi talatin ya tashi bai riƙe ko ɗaya ba, domin batun yana canjawa daga aya zuwa aya.

Maganin wannan shi ne launukan alama da manhajar ta tanada. A ware launi uku kawai, kowanne da batunsa. Na farko na harshe: Karin Magana 10:19 a kan yawan magana, 15:1 a kan tattausar amsa, 18:13 a kan mai ba da amsa tun bai saurara ba, 26:20 inda aka ce gardama takan mutu in babu mai tsegumi. Na biyu na kuɗi da ma'amala: 11:1 da 20:10 a kan ma'aunin algus, 22:7 a kan mai cin bashi, 6:1-5 a kan tsaya wa wani lamuni, da 3:27-28 da ke hana ka ce wa maƙwabci ya dawo gobe alhali abin yana hannunka. Na uku na fushi: 14:29, 16:32, 19:11, 29:11. Bayan wata biyu ko uku, in aka buɗe jerin alamomin, launin da ya fi yawa yakan nuna wurin da Maganar ta fi taɓa mutum, kuma nan ne ya kamata addu'arsa ta dosa. Kowace rana a ɗauki aya ɗaya daga surar, a rubuta bayani na jimla biyu a ƙarƙashinta: abin da ayar ta ce, da mutumin ko lamarin da za ta shafa yau. Bayanin da ya ce “zan yi haƙuri” bai kai wanda ya ce “ba zan amsa saƙon nan ba sai yamma, bayan na huce” amfani ba.

Ayar rana ita ce abu na farko da manhajar ke nunawa, tana kuma zuwa da hoto mai kyau da za a iya turawa. Ba laifi ba ne a matsayin tuni, amma a nan ne aka fi yin kuskure. Marubutan Littafi Mai Tsarki ba su rubuta aya-aya ba. Rabon surori da muke amfani da shi ana danganta shi ga Stephen Langton, wani babban bishop na Ingila, a ƙarni na 13, lambobin ayoyin Sabon Alkawari kuwa Robert Estienne, wani mai buga littattafai, ne ya sa su a bugunsa na 1551. An yi su ne don sauƙin nemo wuri. In aka yanko aya daga muhallinta, tana iya faɗin abin da marubucin bai nufa ba. Filibiyawa 4:13, mai maganar iya yin kome ta wurin wanda yake ƙarfafa mu, ana yawan tura ta kafin jarrabawa ko neman aiki. Amma aya ta 11 da ta 12 sun nuna Manzo Bulus, yana ɗaure, yana maganar yadda ya koyi gamsuwa a ƙoshi da yunwa, a yalwa da rashi. Darasin hali ne mai nauyi, wanda hoton da aka tura ya ɓoye. Irmiya 29:11 ma haka: wasiƙa ce ga mutanen da aka kai bauta Babila, kuma aya ta 10 ta gaya musu sai shekara 70 sun cika. Alkawarin gaskiya ne, amma alkawari ne da ke koyar da jira. Misali mafi bayyana yana Karin Magana 26:4-5, inda aya ɗaya ta ce kada a amsa wa wawa bisa ga wautarsa, ta biye kuma ta ce a amsa masa. An ajiye su kusa da juna da gangan, domin hikima ita ce sanin wanne ya dace a wane lokaci. Wanda aka nuna masa ɗaya kawai an ba shi rabin koyarwar. Gyaran yana da sauƙi, kuma manhajar ta ba da hanyarsa: a danna ayar ranar ta buɗe cikin surarta, a karanta aƙalla sakin layin da take ciki kafin a tura wa kowa.

Tsare-tsaren karatu suna da yawa, daga na kwana uku zuwa na shekara guda, sai dai ingancinsu ba ɗaya ba ne. Ikkilisiyoyi, ƙungiyoyin bishara da masu buga littattafai ne ke rubuta su, wasu kuwa gutsure ne daga littafin da ake so a saya. Mafi yawan bayanan da Turanci ne da wasu manyan harsuna, ko da yake nassin da ke ciki ana iya juya shi zuwa Hausa. Kafin a fara tsari, a duba sunan wanda ya bayar da shi, a buɗe samfurin rana ta farko, a auna: in labarin marubucin ya cika shafi, nassi kuwa aya ɗaya ce a ƙarshe, a nemi wani. Tsarin shekara guda yana bukatar sura uku zuwa huɗu a rana, tunda surorin Littafi Mai Tsarki 1,189 ne, kuma mutane da yawa sukan tsaya a Littafin Firistoci. Wanda bai saba ba gara ya fara da wasiƙar Yakubu, surori biyar a kwana biyar, sannan Matiyu 5 zuwa 7. In an yi fashin kwanaki, akwai zaɓin da ke matsar da ranakun tsarin ya dawo daidai da yau. A yi amfani da shi maimakon a haɗiye karatun mako guda a zama ɗaya.

Abin da ya fi bukatar taka-tsantsan shi ne ƙirgar kwanaki a jere da kuma ɓangaren abokai. Manhajar tana nuna kwana nawa mutum ya yi bai tsallake ba, tana ba da lambobin yabo. Ga sabon mai karatu wannan yana taimaka wa al'ada ta kafu. Amma ƙirgar ba ta iya bambanta wanda ya zauna da sura ya yi addu'a da wanda ya leƙa na daƙiƙa goma don kada lambarsa ta koma sifili. Yakubu 1:22 ya yi gargaɗi a kan mai ji kawai da ke ruɗin kansa, kuma lamba mai hawa kullum tana iya taya wannan ruɗin. Haka nan abokan da aka amince da su a manhajar suna iya ganin ayoyin da mutum ya sa wa alama. A shiga saiti a duba wa ke ganin me, kuma duk bayanin da ya ƙunshi tuba, ko sunan wanda ake fama da yafe masa, a sa shi na sirri kafin a ajiye. Matiyu 6:1-6 ya yi magana a fili a kan yin ibada don idon mutane. Inda ɓangaren abokai yake da amfani na gaske shi ne karanta tsari ɗaya tare da mutum biyu ko uku, kamar miji da mata ko ƙaramar ƙungiyar zumunta, domin akwai wurin tattaunawa a ƙarshen karatun kowace rana, kuma wanda ya yi shiru kwana uku akwai mai tambayarsa lafiya.

Sanarwa ma a rage su. A bar tuni ɗaya a lokacin da aka tsayar don karatu, a kashe sauran. Kuma tunda wayar da ke ɗauke da nassi ita ce ke ɗauke da WhatsApp, a kashe data na minti goma na karatun. Fassarar da aka riga aka sauke za ta buɗe ba tare da ita ba. In neman kalma bai fito da kome ba, a sake rubuta ta da haruffa masu ƙugiya, a kuma gwada ɗaya fassarar, domin ba kullum suke amfani da kalma ɗaya ba. Alamomi da bayanai suna manne da rajistar mutum, ba da wayarsa ba, saboda haka in waya ta ɓace ko ta lalace ana dawo da su duka a sabuwa, ko a shafin bible.com. Sharaɗin shi ne a tuna imel da kalmar sirrin da aka yi rajista da su. Wanda wani ya buɗe masa rajistar da nasa imel yana iya rasa bayanan shekaru, don haka kowa ya yi da nasa, ya rubuta kalmar sirrin a takarda ya adana.