Tarwada ko Karfasa: Wacce Ta Dace da Ruwanka?

Ɗan'uwanmu na Zariya, ka ce kana da tankin tampol biyu a bayan gida da rijiyar burtsatse, akwai kuma wani fili na mahaifinku a fadama da za a iya haƙa kandami, kana son ka zuba kifi a watan Nuwamba, kuma burinka nan gaba ka riƙa ƙyanƙyasa da kanka. Tambayarka ita ce tsakanin tarwada da karfasa wacce za ka kama. Na ga an yi ta ba ka amsa da "tarwada mana, ai ba ta mutuwa". Maganar tana da gaskiya a ciki, amma ita ce ta fi kowace magana jawo wa sababbin masu kiwo asara, don haka bari in ajiye su gefe da gefe ka gani da idonka.

Mu fara da haihuwa, tunda can zuciyarka take. A nan kifayen biyu hannun riga suke. Tarwada ba ta haihuwa a tsare. A daji sai damina ta kankama, kogi ya yi ambaliya ya shiga ciyayi, sannan take zuba ƙwai da daddare. A tanki kuwa ƙwan zai ƙosa a cikinta, ta riƙe abinta. Wannan ne ya hana kiwonta bunƙasa shekara da shekaru, sai da masu bincike a Bangi ta Jamhuriyar Afirka ta Tsakiya da na jami'ar Wageningen da ke Holan suka zauna a kan lamarin tun daga shekarun 1970 zuwa na 1980, suka daidaita hanyar yi mata allura. Da can wani ɗan ƙulli ake cirowa daga ƙarƙashin ƙwaƙwalwar wata tarwadar, a niƙa a yi allurar da shi. Yanzu galibi wani ruwan allura mai suna Ovaprim ake saye, rabin mililita ga kowane kilo na nauyin macen. Bayan wasu awoyi sai a matse cikinta a hankali, ƙwai ya zubo a kwano. Namijin kuwa ba a iya tatsarsa, sai dai a farke shi a ciro maraina, wato duk ƙyanƙyasa ɗaya sai ka yi asarar namiji. Mace mai kilo 1 tana iya ba ka ƙwai dubu 50 ko fiye. Adadin yana da daɗin ji, amma kada ka fara lissafin kuɗi da shi tukuna.

Karfasa, wadda wasu ke ce wa gargaza, ba ta buƙatar allurar kowa. Namiji zai share ɗan gurbi a ƙasan kandami, mace ta zuba ƙwai, ya barbara, ita kuma ta kwashe ta ƙunsa a baki har mako ɗaya zuwa biyu, ba ci, sai 'ya'yan sun iya iyo. Ƙwanta kaɗan ne: mai nauyin giram 100 ba ta wuce ƙwai 100 da 'yan kai, babba mai kusan kilo ta ba da 1,000 zuwa 1,500. To ina matsalar? Matsalar ita ce ba ta gajiya. Tana wata 5 zuwa 6 ta balaga, wani lokaci tana ƙanƙanuwa ba ta kai tafin hannun yaro ba, daga nan duk bayan 'yan makonni sai ta sake. Ka zuba 1,000, ranar kamu ka ja koma ka tarar da dubbai, uwa da 'ya da jika, duk 'yan firit, babu na kai wa kasuwa. Abincin da ka saya don mutum ɗaya, dangi guda ne suka cinye shi.

Maganin da bincike ya samo shi ne a kiwata maza zalla, domin namiji yana ninka mace saurin girma, ita ƙarfinta duk a ƙwai yake tafiya. Ana iya tantancewa da hannu idan sun kai giram 30 ko fiye, a duba ƙasan ciki, sai dai ido na kuskure, kuma mata goma da suka sulale sun isa su cika maka kandami. Manyan gidajen ƙyanƙyasa suna haɗa wani sinadarin maza a abincin jariran, miligiram 60 a kowane kilo na abinci, na tsawon mako 3 zuwa 4 daga ranar da suka fara ci, sai kusan dukkansu su tashi maza. Wannan ba aikin bayan gida ba ne, ban kuma ba ka shawarar ka taɓa shi ba. Saye za ka yi wurin waɗanda suka iya.

Ka ga ke nan: tarwada da wuyar haifarwa, karfasa da wuyar hanawa. Wahalar tarwada kuma ba a allura take ƙarewa ba. Kwana 3 bayan ƙyanƙyasa jariran sun shanye gwaiduwar cikinsu, sai an ba su atemiya, wato wasu mitsi-mitsin halittun ruwa da ake ciyar da jariran kifi da su, ko wani abinci mai laushi ƙwarai, dare da rana. Sannan cin juna ya fara. A kowane zubi akwai 'yan tsiraru da ke tsere wa sa'o'insu, masu kiwo na ce musu shuta, in ba ka tsame su duk mako ba, su za su haɗiye sauran. Ni kaina a zubina na farko na yi tafiyar kwana goma na bar wa yaro tanki, na dawo na tarar da wasu ƙattai suna shawagi, ƙananan kuwa ko rabi ba su kai ba, babu kuma gawa ko ɗaya da zan nuna. Karfasa ba ta da wannan halin sosai.

Batun iri kuwa, karfasa ta fi samun gata a wurin masu bincike. A 1988 aka fara wani aiki a ƙasar Filifin, cibiyar da yanzu ake kira WorldFish ce ta jagorance shi. Suka tattaro iri takwas, huɗu daga ruwayen Masar da Gana da Kenya da Senegal, huɗu daga gonakin Asiya, suka yi ta zaɓen masu saurin girma suna haɗawa. Irin da ya fito, GIFT, bayan 'yan zuriyoyi ya zarce na asali da kusan kashi 85 cikin 100 wajen girma. Kifin Afirka ne, a waje aka gyara shi. Masar ta fitar da nata irin na Abbasa, Gana ta fitar da na Akosombo. Tarwadar da ke yawo a kasuwanninmu kuwa yawanci ba wanda zai iya gaya maka kakanninta. Mai ƙyanƙyasa yakan ɗauki uwa da uba daga zubi ɗaya, wa da ƙanwa, shekara bayan shekara, har iri ya lalace. Akwai kuma irin da ake samu daga barbarar tarwada da 'yar'uwarta ramboshi, wanda aka yi bincike a kansa a Kwadebuwa da cibiyar binciken kifi ta New Bussa a jihar Neja. Yana girma sosai idan za ka riƙe shi ya daɗe, amma ya fi tarwada cin 'yan'uwansa. Abin da zan hana ka kai tsaye shi ne sayen 'ya'yan karfasa daga masunta a bakin dam. Abin da koma ta kamo gauraye ne, har da nau'o'in gargazar da ko shekara ka yi kana ciyar da su ba za su cika faranti ba.

Yanzu ga maganar "ba ta mutuwa". Tarwada tana da wata gaɓa a cikin kanta mai rassa kamar bishiya, da ita take shaƙar iskar sarari. Shi ya sa kake ganinta tana leƙowa saman ruwa, shi ya sa kuma takan kwana a baho da ruwa kaɗan ta wayi gari da rai. Karfasa ba ta da wannan, da iskar da ke narke a ruwa kaɗai ta dogara. Tana da juriya ita ma idan aka gwada ta da sauran kifaye, takan tsallake asubar da iskar ta yi ƙasa da miligiram 1 a lita, amma in kana son ta ci ta girma sai iskar ta tsaya sama da 3. A tanki cunkus, wuta ta ɗauke da tsakar dare, injin iska ya tsaya, kafin kiran assalatu an gama. Tarwada za ta ga safiya.

Sai dai abu biyu ake mantawa. Na farko, jaririyar tarwada ba a haife ta da wannan gaɓar ba, sai ta yi 'yan makonni take fitowa, don haka a ɗakin ƙyanƙyasa tarwada ta fi kowa rauni. Na biyu, iska kaɗai gaɓar ke magancewa. Kashinta da ragowar abinci suna zama amoniya a ruwa, kuma dafin amoniya yana ƙaruwa ne idan ruwa ya yi zafi. Tarwadar da ke zaune a ruwa mai wari tana da rai, amma ta rage ci, gemunta ya fara gutsurewa, fata ta yi gyambo, buhun abinci yana ƙarewa sikeli bai motsa ba. Mai ita yana murna ba ta mutu ba, alhali kuɗinsa ne ke mutuwa. Ruwa ba ya tsami banza.

Watan Nuwamba da ka ambata shi ne ya fi damuna. Dukansu kifayen zafi ne, sun fi walwala a wajajen digiri 28 zuwa 30. Karfasa tana daina haihuwa idan ruwa ya sauka ƙasa da 24, ta daina ci a ƙasa da 17 ko kusa da haka, a 11 zuwa 12 kuma mutuwa ce. Ta sama tana kai wa 42 kafin ta faɗi, wato zafin Afrilu bai cika tayar mata da hankali ba. Tarwada ta ɗan fi ta jure sanyi wajen rayuwa, amma ita ma ci take ragewa. A ƙwai ne za ka fi ganin aikin sanyi: a digiri 30 ƙwan tarwada yana fashewa ƙasa da kwana ɗaya, a 25 sai ya yi awa 30 da wani abu, a 20 ya haura kwana biyu, kuma iya daɗewarsa iya yadda fumfuna ke cinye shi. Shi ya sa fingalin, wato 'ya'yan kifin da ake saye a zuba, ke wuya da tsada a Arewa daga Disamba zuwa Fabrairu. Kai ka san daren Zariya cikin hunturu. Tampol ba shi da kauri, ruwansa kaɗan ne, iska na dukansa ta kowane gefe, kafin asuba ya huce sarai. Kandamin ƙasa mai zurfin mita ɗaya da rabi ya fi riƙe ɗumi. Rufin asirinka ita ce burtsatsen nan, domin ruwan ƙarƙashin ƙasa da ɗuminsa yake fitowa ko da hunturu. Ka riƙa sauya ruwa kai tsaye daga rijiya da yamma ko da sassafe, ba daga tankin sama da ya kwana a sanyi ba, ka rufe tampol da leda da dare, ka jinkirta abincin safe sai rana ta ɗaga. Kuma ka sayi waɗanda suka ɗan tasa, kada ka ɗauko 'yan mitsi-mitsi don araha.

Yawan zubi ya biyo bayan duk wannan. Karfasa a kandamin ƙasa da ba injin iska, 2 zuwa 3 a kowace murabba'in mita, shi ke nan. Tarwada a irin wannan kandamin ana zuba 5 zuwa 10, a tanki kuma 50 har 100 a kowace mita ɗaya tsawo da faɗi da zurfi, matuƙar ana sauya ruwa a kai a kai. Kai da kake farawa, tsaya a ƙasan wannan adadi. A ɗan wuri tarwada ta yi wa karfasa fintinkau. Amma juya ka dubi abinci, wanda shi ke cin kashi 60 zuwa 70 na kuɗin kiwo. Tarwada maciyar nama ce, tana son abinci mai furotin kashi 40 ko kusa da haka, kuma duk ƙwayar da za ta ci daga aljihunka za ta fito. Karfasa kashi 28 zuwa 32 ya ishe ta, ga shi tana tace koren ruwa ta ci. Ka zuba kashin kaji daidai misali har ruwa ya yi kore, ka ƙara da dusar shinkafa, ka rage kashe kuɗi ba kaɗan ba. In an ci sa'a tarwada ta kai kilo a wata 5 zuwa 6, namijin karfasa a wannan lokacin giram 300 zuwa 500.

Wani ya ce maka ka haɗa su wuri ɗaya tarwada ta cinye 'ya'yan karfasa. An gwada wannan a Kwango Barazabil, aka buga sakamakon a 1996. Yana aiki, amma tarwada malalaciyar mafarauciya ce, in tana samun abinci a sauƙaƙe ba ta cika bin 'ya'yan kifi ba, sai an zuba ta da yawa kuma masu ɗan girma. A gwajin an saka tufi ma, wani kifi mafarauci, kuma kaɗan daga cikinsa ya yi aikin da tarwada mai yawa ta yi. Ka dai tabbata karfasar ta riga ta girma ta fi ƙarfin bakin wanda za ka saka mata.

Kasuwa ba sai na daɗe ba, ka fi ni sanin garinku. Tarwada tana isa kasuwa da ranta, wadda ba ta shiga ba a yi banda. Karfasa tana barin ruwa agogo ya fara bugawa, sai ƙanƙara ko mai saye a tsaye.

Da ni ne kai, tampol biyun nan tarwada zan zuba musu, ɗaya cike ɗaya na ajiye don warewa, kuma ba fiye da abin da zan iya ciyarwa har wata shida ba tare da na ci bashi ba. Filin fadama in haƙa shi cikin rani, in duba ko ƙasar tana riƙe ruwa, in ɗaga gefensa saboda ambaliyar Agusta, in zuba karfasa maza zalla a watan Maris ko Afrilu idan ruwa ya yi ɗumi. Ƙyanƙyasa kuma ka bar ta sai ka fitar da zubi biyu lafiya, ranar da za ka gwada ta farko ta kasance cikin bazara, da ma'aunin zafi a hannunka.